Tambaya da Amsa: Anti, Wardina Na Tukunya Sai Mutuwa Take

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru min kusan duk akan fulawar wardi ne, wadda da yawa ke cewa ros, to sai nace bari kawai in tattara su wuri ɗaya. Wasu tambayoyin na rage musu tsawo, don wani sai ya rubuto shafi guda amma rabi duk gaisuwa ce. Waɗanda suka haɗo da hoto na gode, ya fi sauƙin gane inda ciwon yake.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Dan Allah ki taimaka min, maigidana ne ya kawo min ros a 'yar ƙaramar roba, ja jawur, furanni sun kai goma, na ajiye ta a falo kan tebur ina ba ta ruwa safe da yamma wallahi kamar jaririya nake lallaɓa ta, amma ko sati biyu ba a yi ba furannin suka sunkuya ganye ya hau zuba yanzu sai sanduna. Wannan ce ta uku fa. Ko hannuna ne ba kyau?

AMSA: Ƙanwata hannunki lafiyarsa ƙalau, falon ne da ruwan nan na safe da yamma suka haɗu suka gama da ita. Wardi ba fulawar ɗaki ba ce, 'yar rana ce, tana son rana ta dake ta kai tsaye kamar awa 6 a yini, in son samu ne ta safe. Hasken da ke shigowa ta taga ki ga kamar ɗakin ya haske, a wajenta duhu ne. To shukar da ba ta samun rana ba ta shan ruwa sosai, ke kuma kina ta ɗura mata, ƙasar ta zauna a jiƙe kullum, saiwa kuma numfashi take yi kamar ni da ke, in ruwa ya cika duk 'yan ƙofofin da ke cikin ƙasa sai ta shaƙe ta fara ruɓa. Abin haushin shi ne shukar da saiwarta ta ruɓe yaushi take yi sak irin na mai jin ƙishi, sai mai ita ta ga haka ta ƙara ruwa, shikenan garin neman ƙiba an samo rama.

Kuma waɗannan ƙananan da ake sayarwa cike da fure, ki duba gindin da kyau, yawanci ba shuka ɗaya ba ce, rassa uku ko huɗu ne aka cusa a roba ɗaya aka raine su a gidan gilashi da taki da komai a ƙayyade don su yi fure lokaci guda su ja ido. Kyan ranar saye aka yi su dominsa, in kina so su rayu sai kin sauya musu gida.

Kafin ki zubar da ita sa farce ki ɗan kankare jikin sandar. In kika ga kore a ciki tana da rai. Zare ta daga robar ki duba saiwar, mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa mai haske kuma da ƙwari, ruɓaɓɓiya baƙa ce lugub tana wari, ki datse wannan. Sa ta a tukunya mai huji da sabuwar ƙasa, ki yanke duk busasshen reshe har inda ya koma kore, ki fitar da ita waje amma ba tsakiyar rana farat ɗaya ba, ki fara da inda rana ke taɓawa awa ɗaya biyu da safe kina ƙarawa cikin sati guda. Ruwa kuwa daina bin agogo, tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu, in da danshi ki bar ta, in ya bushe ki zuba sosai har sai ya fito ta ƙasa. Ranar da za ki yi baƙi kina iya shigo da ita falo ta yini ta yi kwalliya, washegari ta koma waje.

TAMBAYA: Malama ina yini. Ni a saman bene nake, ba ni da fili sai baranda. Wace irin tukunya zan nema kuma wane iri zan saya? Wani abokina yace lallai in zuba tsakuwa a gindin tukunyar kafin ƙasa.

AMSA: Malam lafiya lau. Abu na farko ka tsaya ka ga barandar nan awa nawa rana ke shiga, in ba ta kai 5 ko 6 ba gara ka nemi wata fulawar ka huta da ɓacin rai. In tana samu, to zurfi ne abin dubawa fiye da faɗi don wardi saiwarta ƙasa take nufa. Ƙananan iri tukunya mai zurfin santimita 25 zuwa 30 ta ishe su, matsakaita masu fure cunkus-cunkus a nema musu 40 zuwa 45, mai hawa bango kuwa sai kusan rabin duro, kuma ni bana ba sabon shiga shawarar ya fara da ita. Huji a gindi dole ne, ba ɗaya ba, kuma ka ɗora tukunyar kan bulo biyu ko 'yan duwatsu yadda ruwa zai fice. Farantin da ake sawa a ƙasa don kar ruwa ya ɓata daɓe, in ya taru a zubar, kar a bar ta zaune a ciki.

Ta yumɓu tana numfashi ta jikinta, saiwa na jin sanyi, sai dai saurin bushewa da nauyi. Ta roba ba nauyi kuma tana riƙe ruwa, amma in baƙa ce rana ta dake ta, je ka taɓa jikinta da azahar ka ji, haka saiwar da ke manne da jikin take dahuwa. Ka shafa mata farin fenti ko ka zura ta cikin wata babba. Ta ƙarfe a rana kam a'a. A bene kuma ka tuna jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi gare ta, kar ka jera manya goma a bakin baranda, sannan iska ta fi ƙarfi a sama tana busar da tukunya da wuri tana kuma iya kayar da doguwa.

Zancen tsakuwa kuwa ka gai da abokinka, kusan kowa haka aka koya masa, ni ma na yi shekaru ina yi, amma ba ta taimakawa. Jiƙa soso ka ɗora kan tsakuwa ka gani, ruwan yana nan maƙale a gindin soson, ba ya sauka sai ya cika ya tumbatsa. Haka ƙasa take. Tsakuwar ɗago wurin da ruwa ke kwanciya kawai take yi zuwa sama kusa da saiwa, ga ta cinye wurin da saiwar za ta bi. Ɗan katanga ɗaya ko guntun raga kan hujin don kar ƙasa ta zube ya wadatar. Haɗin da nake yi shi ne kashi biyu baƙar ƙasa mai kyau, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya yashi mai gautsi ko ƙonannen ɓuntun shinkafa. Ka dunƙula a hannu da ɗan danshi, in ya dunƙule kuma ka taɓa ya warware ya yi, in ya zama kamar na ginin tukunya laka ta yi yawa. Ka bar kamar yatsa uku tsakanin ƙasa da bakin tukunya don ruwa ya samu wurin tsayawa.

Iri kuma, waɗannan masu babban fure ɗaya a kan dogon reshe da ake gani a hannun masoya, waɗanda ake ɗaukar La France da aka fitar a Faransa a 1867 a matsayin ta farkonsu, su ne suka fi kyau kuma su ne suka fi iyayi, ciwo kaɗan sun kwanta. Fara da masu haƙuri, irin Iceberg fara wadda gidan Kordes na Jamus ya fitar a 1958, ko Knock Out ta Amurka da ta fito a 2000 wadda dama don jure cutar ganye aka samar da ita, ita dai ƙamshi ne ba ta da shi sosai. In mai sayarwa bai san suna ba, wanda galibi haka ne, duba wadda ganyenta ke sheƙi, rassa uku ko fiye daga gindi, kar fure ya ruɗe ka.

TAMBAYA: Anti ganyen tawa ne ke ta zama ruwan ɗorawa, na sayi maganin feshi na fesa har sau biyu ba canji.

AMSA: 'Yata ba ki faɗa min wane ganyen ba, kuma nan amsar take. Feshin nan ki ajiye shi tukuna, ganye ya yi ɗorawa ba lallai ƙwari ba ne, sau da yawa daga cikin tukunyar ne.

In na ƙasa ne tsofaffi 'yan ƙalilan, sama kuma sai toho take, ba komai, tsufa ne ko inuwar na sama. In na ƙasan ne da yawa suna zuba kuma ƙasar kullum a jiƙe, ruwa ya yi yawa ko huji ya toshe. In duk jikinta ne ya koɗe, tsofaffin suka fara, girma ya tsaya, yunwa ce ta naitirojin, tukunya ba kamar fili ba ce duk ban ruwa yana wanke abincin yana fita da shi. Amma in sabbin ganyen can sama ne suka yi ɗorawa jijiyoyinsu kuma suka tsaya kore shar kamar an zana, wannan sinadarin ƙarfe ne ba ta iya ja, kuma yawanci yana nan a ƙasar, kanwa-kanwa ce ta yi yawa ta ɗaure shi. Wardi ta fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, wajen 6 zuwa 6.5 a ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH. Masu zuba toka da yawa da masu ban ruwa da ruwa mai zartsi su ke yawan ganin haka, za ki ga har fari-fari ya taru a bakin tukunya. Ki daina toka, in kina samun ruwan sama ki tara mata, ki kwashe ƙasar sama ki sa sabuwa da taki, lokaci-lokaci kuma ki kwarara ruwa da yawa ya bi ta ciki ya fice da gishirin.

Akwai na ƙarshe da mutane ke mantawa, shekara nawa tana tukunyar? In ta kai 2 ko 3, kina zuba ruwa yana zarcewa nan take, saiwa na leƙowa ta huji, to ta cika gidan ne ba sauran ƙasa. Zare ta, ki warware saiwar da ta nannaɗe, ki rage kaɗan, ki koma da ita mafi girma ko ki sabunta ƙasar.

TAMBAYA: Hajiya Anti ni kaji nake kiwo, na ɗebo kashinsu sabo na cika mata gindi don ta yi fure da yawa, kwana uku bakin ganyen ya ƙone kamar an kara wuta. Kuma na ga ana cewa ɓawon ayaba da na ƙwai sun fi takin zamani.

AMSA: Ayya Hajiya, kashin kaji ɗanye ai wuta ne, ko a gona ana jin tsoronsa balle a tukunya da saiwa ba ta da inda za ta gudu. Gishiri da amoniya ne ke cikinsa da yawa, suna janye ruwa daga saiwa. Kwashe shi yau ɗin nan har da ƙasar sama, ki kwarara ruwa sau biyu sau uku ya wanke, ki ja ta inuwa kwana kaɗan, kar ki ƙara mata komai sai kin ga sabon toho. Kashin ki tara shi gefe da busasshen ganye yana samun danshi ana juyawa wata uku zuwa shida, sai ya yi baƙi ya daina wari ya koma kamar ƙasa, a lokacin zinari ne. Ki dai tankaɗe shi kafin ki zuba don gwazarma.

Wardi ciye-ciye gare ta gaskiya, amma kaɗan-kaɗan akai-akai take so. In NPK na tsaba ne ƙaramin cokali ɗaya ga matsakaiciyar tukunya duk wata, a barbaɗa a gefe nesa da gindi, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a bi da ruwa. Kar a ba wadda ke yaushi, kar a ba sabon dashe, kar a bayar a tsakiyar tsananin zafi. Yuriya zalla ganye za ta ba ki lif-lif mai laushi da ƙwari ke so, fure kuwa sai kaɗan, shi fure fotashiyam yake buƙata. Ɓawon ayaba akwai fotashiyam ɗin ba ƙarya, amma sai ya ruɓe shuka ke amfana, binne shi ɗanye a tukunya ƙudaje da tururuwa yake kira. Ɓawon ƙwai kuma ki tono bayan shekara ki same shi yadda kika sa. Duk ki watsa su cikin tarin takin.

TAMBAYA: Na turo hotuna uku Anti. Ɗaya baƙin ɗigo a ganye, ɗaya kamar an barbaɗa hoda, ɗayan kuma wasu ƙwari ne kore sun lulluɓe kan toho ga tururuwa na ta hawa da sauka.

AMSA: Ɗana ka haɗa su duka kenan, sannu. Hoton farko baƙin ɗigo ne mai gefe kamar gashin tsuntsu, ɗorawa ta zagaye shi, wannan ita ce babbar cutar wardi a duniya, naman gwari ne mai suna Diplocarpon rosae. Ba ya kamawa sai ganye ya zauna a jiƙe wajen awa 7, kuma fantsamar ruwa ce ke ɗaukarsa daga wannan ganye zuwa wancan, shi ya sa ya fi yawa da damina da kuma wajen masu yi wa fulawa wanka da daddare. A hotonka na ga tukwanen a cunkushe jikin bango, raba su iska ta ratsa. Ruwa a gindi, da safe. Ganyen da ya kamu ba ya warkewa ko me ka fesa, tsinke shi, tsince wanda ya zuba cikin tukunya ka kai shara, kar ka sa a taki. Maganin feshi irin mankozeb ko na farar wuta kare lafiyayyen ganye yake yi, kuma farar wuta ba a fesa ta in zafi ya haura digiri 30, ba a kuma fesa ta sai an yi aƙalla sati biyu da fesa wani mai, in ba haka ba ganyen zai babbake.

Hodar nan ita ma naman gwari ce amma halinta daban, ba ta buƙatar ganye ya jiƙe, ta fi son dare mai raɓa da yini busasshe, tana kama sabon toho ya murɗe. Shukar da ƙishi ya galabaitar a inda iska ba ta wucewa ita take fara kamawa, dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yanke inda ya yi muni ka gyara ban ruwa.

Na ukun darɓa ce. Tsotsar ruwan toho take, tana haihuwar 'ya'ya da ransu ba sai ta haɗu da namiji ba, shi ya sa yau ka ga biyar jibi ka ga ɗari. Tururuwar ba cin fulawar take ba, kiwo take, darɓa na fitar da wani ruwa mai zaƙi suna lasa suna kuma gadinta. Ni da yatsa nake murje su ko in watsa musu ruwa mai ƙarfi da safe kwana uku a jere. In sun ƙi, ƙaramin cokali na sabulun ruwa mara ƙarfi a lita ɗaya, ko man darbejiya, a fesa da yamma, a fara gwadawa a reshe ɗaya. Sabulun gari na wankin kaya ƙona ganye yake. Bana son a yi saurin ɗauko maganin ƙwari mai kashe komai, don yana haɗawa da 'yar jar ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi wadda darɓa ce abincinta, bayan nan kuma sai wani abu mafi muni ya taso, wato mitsi-mitsin gizo-gizon da ke zama a bayan ganye lokacin zafi da bushewa. In ka ga ganye ya yi toka-toka kamar an tsattsaga shi da allura, tara farar takarda ka kaɗa, in ka ga ƙura na tafiya su ne. Wanke bayan ganye da ruwa shi ne maganinsu na farko.

In kuma wata rana ka ga an yanke gefen ganye zagaye tsaf kamar da almakashi, wata 'yar ƙudan zuma ce ke ɗiba tana shimfiɗa a gidanta, ƙyale ta.

TAMBAYA: Malama abin mamaki, na sayi wardi mai fure ruwan ɗorawa manya, shekara biyu tana yi, yanzu wani dogon reshe ya fito ya fi kowa tsawo, na asalin suna ta ƙanƙancewa, da ya yi fure kuma sai ga shi ja ƙarami. Cuta ta aka yi?

AMSA: Alhaji ba wanda ya cuce ka, mai aure ce ka saya. Yawancin wardi masu manyan fure ido ɗaya, wato ɗan ƙullin da toho ke fitowa a jikin reshe, ake ɗauka a dasa a jikin wata mai ƙarfin saiwa, duba gindin za ka ga wani kumburi kamar gwiwa, nan ne wurin auren. Duk abin da ya fito daga gwiwar zuwa sama naka ne, wanda ya ɓullo daga ƙasanta ko daga cikin ƙasa na uwar gindin ne, kuma ta fi ƙarfi, in aka bar shi zai shanye abincin har ta saman ta mutu. A Amurka wadda aka fi yin gindi da ita sunanta Dr. Huey, furenta ja ne mai duhu sau ɗaya a shekara, tsofaffin gidaje da yawa a can ita ce ta rage musu bayan ta saman ta tafi.

Kar ka datse shi daga sama, ƙara masa ƙarfi za ka yi ya fito biyu. Tona ƙasar a hankali ka bi shi har inda ya tsiro, sa safar hannu mai kauri ka fizge shi ƙasa ya ɓalle tare da idonsa. Wasu na cewa duk reshen da ganyensa ke da 'ya'ya bakwai, wato ƙananan ganye bakwai a tsinke ɗaya, na gindi ne, wannan ba ƙa'ida ba ce, akwai na kirki masu bakwai, inda ya fito shi ne shaida. Safar kuma ba wasa nake ba, sukar ƙayar wardi da ƙasa a hannu tana iya kawo ciwo, in wuri ya kumbura ko ya ƙi warkewa a je asibiti.

TAMBAYA: Anti na ga tallan irin ros shuɗi da baƙi da mai kalar bakan gizo a intanet, in saya?

AMSA: Riƙe kuɗinki ƙanwata. Wardi ba ta da ƙwayar halittar da ke yin launin shuɗi, masu haɗa iri sun yi ɗaruruwan shekaru suna nema. Kamfanin Suntory na Japan da Florigene na Ostireliya sai da suka ɗauko ƙwayar daga wata fulawar daban suka sa mata, suka sanar a 2004, aka fara sayarwa a 2009 da sunan Applause, kuma duk da wannan wahalar in kika gan ta shunayya ce mai haske ba shuɗi ba. To wanda ke cewa zai aiko miki da shuɗi bau a 'yar leda fa? Shuɗin da kike gani a hoto farar wardi ce aka rina ko kwamfuta ta yi aikinta. Mai bakan gizo tsaga karan ake yi a tsoma kowane sashe a ruwan rini daban. Baƙar kuma ja ce mai duhu sosai. Ko da irin wardi na gaske ne aka aiko, sai ya yi wajen wata biyu a firji cikin danshi kafin ya yarda ya tsiro, kuma abin da zai fito ba lallai ya yi kama da uwarsa ba.

TAMBAYA: Maƙwabciyata na da wata mai ƙamshi ta ce in yanki reshe. Na ga bidiyo ana soka shi cikin dankali, haka ne?

AMSA: Na gwada don kar in yi musu da abin da ban sani ba, dankalin ne ya tsiro, reshen ya ruɓe. Yi mai sauƙi. Da sassafe ki zaɓi reshen da ya gama fure bai daɗe ba, kaurin fensir, ki yanko tsawon santimita 15 zuwa 20 mai ido uku ko huɗu, yankan ƙasa dab da ƙarƙashin ido. Cire furen da duk ganye sai biyu na sama. In kina da hodar saiwa, wato wadda ke taimaka wa reshe ya fitar da saiwa, ki dangwala, in babu ba dole ba ne. Soka rabinsa a yashi da ɗan taki mai danshi, kar ki juya shi kai ƙasa, ki kifa masa gorar ruwa da aka yanke gindinta, ki ajiye inda akwai haske ba rana kai tsaye. Sati 4 zuwa 8 yake ɗauka. Ki yi biyar ko shida don ba duka ke kamawa ba, kuma dan Allah kar ki dinga zarewa kina leƙa ko saiwa ta fito. Tohon farko ma ba shaida ba ne, abincin da ke cikin reshen ne yake ci, sai kin ɗan ja a hankali kin ji ya riƙe. Furen farko da zai yi ki daure ki tsinke, ƙarfin ya tafi saiwa. Daɗin wadda aka tayar ta haka shi ne ba ta da matsalar Alhajin can na sama, duk abin da ya fito daga gindi nata ne.

TAMBAYA: Tawa ta yi tsawo sai ƙafafu, ganye da fure ɗaya biyu can sama, amma tausayin yanka ta nake.

AMSA: Tausayin ne ya mai da ita haka Maman yara. Wardi irin na zamani a sabon reshe take fure, halin maimaita furen nan daga wardin ƙasar Sin aka samo shi da aka kai su Turai ƙarshen ƙarni na 18, in ba a yanka ba kuwa sabon reshen daga ina. Aski iri biyu ne. Na kullum shi ne duk furen da ya fara zuba ki bi reshen ƙasa zuwa ganye na farko mai 'ya'ya biyar ki yanke a samansa, in kika bar shi ƙwallo zai yi, ita kuma ta ga ta gama aikinta. Daga yankan zuwa sabon fure kamar sati 6 zuwa 8 ne, har ana iya lissafawa in akwai ranar da ake so ta yi kyau.

Babban askin sau ɗaya ne a shekara. Ƙasashen da ake ƙanƙara ƙarshen sanyi suke yi, inda ba ta barci kuwa a zaɓi lokacin da gari ya fi sanyi-sanyi, ba tsakiyar zafi ba. Fara da matacce da mai ciwo da siraran da ba su kai fensir ba da masu gogar juna, tsakiyar ta buɗe kamar kwano, ragowar uku zuwa biyar masu ƙarfi ki rage kashi ɗaya cikin uku ko rabi. Kowane yanka ya zama kamar rabin santimita sama da idon da ke kallon waje, a ɗan karkace. Almakashin ya zama mai kaifi, ki goge shi da sifirit kafin ki koma kan wata tukunyar. Za ta yi muni sati biyu, yara za su ce kin kashe ta, ki yi shiru kawai. In mai fure sau ɗaya a shekara ce, mai hawa ko tsohon iri, wannan sai ta gama furen ake taɓa ta.

TAMBAYA: An sayar min da wata wai ita ros ɗin sahara, gindinta ƙato kamar tulu, ina mata duk abin da kike faɗa amma gindin ya fara laushi.

AMSA: Malam tsaya da ruwan nan maza. Wannan kariya ce, sunan ros kawai aka laƙa mata, ba su haɗa dangi ba, wardi 'yar uwar tuffa ce. Tulun nan ruwa take ajiyewa a ciki, sai ƙasa ta bushe ƙarau ake ba ta. Zare ta, yanke inda ya yi laushi har ka isa mai ƙwari, bar ta a inuwa kwana uku huɗu wurin ya bushe, sannan ka mayar cikin ƙasa mai yashi sosai. Ruwan jikinta guba ne, ka wanke hannu da wuƙar, ka kuma ɗaga ta inda yara da dabbobi ba sa kaiwa.